Baba Gide, Mai Karanta Gishiri a Jikin Riga

Da an sallame sallar asuba, tsofaffin unguwarmu a Ƙanƙara kowa kan koma ya ɗan kishingiɗa. Ban da Baba Gide mai wanki. Shi sai ya wuce bakin rijiya da bokitansa biyu, ya cika manyan bahonsa uku, ya hura gawayin dutsen guga ya bar shi yana kamawa, sannan ya kwance ƙullin kayan da aka kawo jiya. Katangarmu ɗaya da shi. Shekara talatin da ɗaya ina jin tsiyayar ruwansa da bugun wankinsa, har ta kai ranar da ban ji ba nakan aika a duba ko lafiya.

Yana wanke na malamai, yana wanke na 'yan kasuwa, amma kayan da ya fi ji da su su ne jesunan ƙungiyar ƙwallon unguwarmu, wadda samari suka laƙaba wa suna Guguwa. Korayen riguna ne masu duhu, da lamba a baya. Tun ana buga wasa ba takalmi yake wanke su. Waɗanda ya fara wanke wa yanzu wasunsu sun yi furfura, 'ya'yansu ne ke sa rigunan.

To akwai wata ɗabi'a tasa da ta daɗe tana ba mutane dariya. Baba Gide ba ya tsoma jesi a ruwa sai ya shimfiɗa ta a kan tabarma ya ƙare mata kallo, gaba da baya, wuya da hammata. Wani lokaci har ya murza wurin da yatsa. Kocin ƙungiyar, Malam Ɗanliti, mutum ne mai baki, in ya zo karɓar kaya ya same shi a haka sai ya ce, "Baba, wasiƙa aka rubuto maka a hammata?"

Shi kuwa ba ya ko ɗaga kai. "Wasiƙa ce mana. Kai ne ba ka iya karatu ba."

Abin da yake kallo shi ne farin zanen nan da gumi ke bari a jikin tufa idan ya bushe. Kowa ya san shi, ba wanda ya ɗauke shi a bakin komai. Baba Gide ne ya lura cewa ba ɗaya ba ne a jikin kowa. Wata rigar za ta jiƙe sharkaf ta bushe ba tabo. Wata kuwa ta bushe ta yi ƙamas, da farin zane kamar an barbaɗa gari. Kuma a cikin riguna goma sha ɗaya babu wadda ta kai lamba takwas fari.

Mai lamba takwas shi ne Mas'udu, magidanci ɗan shekara ashirin da shida, yana noma gonar gidansu a Pauwa, da yamma ya zo fili. Waɗanda suka san ƙwallo sun ce a tsakiyar fili babu kamarsa a duk yankinmu, amma na awa ɗaya kawai. Da an ɗan jima da dawowa hutun rabin lokaci sai ƙafarsa ta riƙe, tsokar sha-raɓa ta ɗaure kamar dutse, ya zube yana dukan ƙasa. A fitar da shi a kafaɗa. Wasu suka ce raki ne. Wasu suka ce an yi masa wani abu. An yi rubutu an sha, an yi hayaƙi, ƙafa dai tana nan da halinta. Baba Gide ya taɓa ce wa koci, "Yaron ga gishiri ne ke zuba daga jikinshi." Koci ya ce to a kai shi kasuwa a auna a mudu. Aka yi dariya, magana ta wuce.

Sai bazarar bara, lokacin da zafi ya kai zafi, aka shirya gasar ƙwallo tsakanin ƙungiyoyin Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. A daidai lokacin ne wata mai bincike, Likita Khadijatu, ta zo daga wata jami'a da wata 'yar na'ura da take gwadawa a jikin masu motsa jiki a ƙasa mai zafi. Ni na gan ta da idona, don an kawo mini ɗaya na juya. Ba ta fi faɗin tafin hannun jariri ba, mai laushi kamar filasta, ana manna ta a dantse. A cikinta akwai 'yan siraran hanyoyi kamar jijiyar ganye. Idan mutum yana gudu, gumi ya bi hanyoyin nan, sai launinsu ya sauya gwargwadon yawan gishirin da ke cikin gumin. A ɗauki hotonta da waya, wayar ta fitar da lissafi. Likitar ta ce abin da take aunawa wani ɓangare ne na gishiri da suke kira kulorayid. Samari ba su tsaya wahalar da harshensu ba, suka sa mata suna layar likita.

Aka manna wa 'yan Guguwa goma sha ɗaya, suka yi atisaye na awa ɗaya da rabi. Da ta zo kan Mas'udu sai ta dubi waya, ta sake ɗaukar hoto, ta sake duba. Motar da za ta kai ta Faskari tana jira, direba yana ta danna oda don ba ya son yamma ta yi musu a hanya. Ta ce wa koci, "Wannan gishiri ya yi yawa ƙwarai a guminsa. In na gama da Faskari da Sabuwa zan dawo mu zauna a kansa." Ta shiga mota.

Kun san yadda magana take in ta bi baki biyu uku. Koci ya faɗa wa Mas'udu, Mas'udu ya faɗa wa matarsa Mansura, Mansura ta faɗa wa surukarta Hajiya Zulaihatu. A hanya kalma ɗaya ta faɗi, kalmar gumi. Abin da ya isa kunnen Hajiya shi ne, likita ta auna ta ce gishiri ya yi wa ɗanta yawa.

Kada wanda ya ga laifin Hajiya Zulaihatu. Maigidanta hawan jini ne ya kwantar da shi, ɓarin jikinsa ya shanye, kuma abu na farko da aka hana shi a asibiti shi ne gishiri. Ta yi jinyarsa shekara huɗu kafin Allah ya karɓi abinsa. A wurinta, da mu duka in za a faɗi gaskiya, in likita ya ambaci gishiri to cewa yake a daina. Ba mu taɓa jin an ce wa wani ya ƙara ba. A ranar ta ɗauke robar gishiri da dunƙulen miya ta kulle a ɗakinta. Gidan duka aka koma cin lami.

Kwana goma Mas'udu yana noma da safe, yana gudu da yamma cikin wannan zafi, yana cin tuwo da miya lami, yana ɗura ruwa zalla. Aka yi wasan gwaji da samarin Tafoki, ko minti talatin bai yi ba ya zube, wannan karon har da jiri da amai. Guguwa kuwa ta riga ta kai wasan ƙarshe, za a yi shi a Sabuwa. Ranar Alhamis za a miƙa sunayen 'yan wasa. Koci Ɗanliti ya faɗa a gaban kowa cewa ya gaji da ɗaukar ƙato a kafaɗa, zai cire sunan Mas'udu, kuma in ya cire ya cire ke nan.

Ranar Litinin Mansura ta shigo wurina tana share ido, ta ce ita dai ba ta san abin da za ta dafa masa ba kuma, abinci ya ƙi shiga, ƙwallon da yake so ma za a raba shi da ita. Na ba ta haƙuri. Da ta fita na leƙa ta katanga na faɗa wa Baba Gide, don dai in sami abokin jimami. Yana cikin guga. Sai na ga ya ajiye dutsen a kan murfinsa.

"Gishirin suka hana shi?"

Na ce kwana goma ke nan.

Ya sa hularsa, ya ɗauki jesi lamba takwas da ba a wanke ba, ya nufi gidan Hajiya Zulaihatu. Ni ma na yafa mayafi na bi bayansa, don ban iya barin labari ya wuce ni. Ya yi sallama a zaure, Hajiya ta fito ta tsaya daga bakin ƙofar ciki. Bayan gaisuwa ya shimfiɗa rigar a ƙasa.

"Hajiya, dubi nan. Mi kika gani?"

"Dauɗa na gani, Malam Gide. Ba aikinka ba ne ka wanke?"

"Gishiri ne. In kin shiga rumbu kika iske gari zube a ƙasa gindin buhu, mi za ki ce? Buhun ya cika, ko ya huje?"

Ta ce, "Ya huje."

"To yaron ga hujewa ya yi. Wanda ke jikin rigar ga ba ya jikinshi, ya fita. Ke kuma kin zo kin ɗaure bakin buhun daga sama, kin hana a ƙara."

Hajiya ba ta kiran sunan Mas'udu, ɗan fari ne. Ta ce, "Malam Gide, ina ganin girmanka. Amma uban yaron ga gishiri ya kai shi inda ya kai shi, a hannuna. Likita ta yi magana da na'urarta, kai ka zo mini da wanki. In ita ta faɗa, ita za ta warware. Ka kawo mini bakinta."

"Haka ne," in ji shi. Ya naɗe rigarsa.

Lambar wayar da likitar ta bari a hannun koci take, an kira an kira ba ta shiga. Washegari Talata da sassafe ban ji tsiyayar ruwa ba. Na aika, aka ce Baba ya tafi tasha da ƙullin kaya a ka. Jesunan Guguwa ne duka goma sha ɗaya, yadda aka tuɓe su bayan wasan Tafoki. Da yamma koci ya zo karɓar kayan atisaye ya tarar babu, ya tsaya a ƙofar gida yana ta sababi, wai tsoho ya gudu da dukiyar ƙungiya.

Abin da ya faru a Faskari daga bakin Likita Khadijatu na ji shi, don daga baya ta zauna a tabarmata ta sha fura. Ta ce tana bakin wani fili tana manna wa samari na'ura, sai ga dattijo ya sauke ƙulli, ya yi sallama, ya ciro igiya daga aljihu ya ɗaura tsakanin turakun raga. Ya shiga rataya riguna ɗaya bayan ɗaya, yana sauya musu wuri, wari kuwa ya cika filin. Ta ɗauka mai talla ne.

Ya ce, "Ɗiyata, na 'yan Ƙanƙara ne da kika auna. Daga nan hannun dama mai gishiri da yawa, har zuwa can wanda ba ya da shi. Buɗe wayarki ki gani ko na yi daidai."

Ta buɗe don kada ta kunyata tsoho. Lamba takwas ce ta farko a wayarta, ita ce ta farko a igiya. Lamba uku ta biyu, haka a igiya. Ta bi su tana dubawa, samarin Faskari sun kewaye su suna ƙirgawa da ƙarfi. Tara cikin goma sha ɗaya suka zauna daidai inda na'ura ta ajiye su. Biyu ne kawai suka sauya wuri da juna.

Ta ce, "Baba, biyu ka kuskure."

Ya ce, "Ko dai layarki ta kuskure. Kwana nawa ta yi tana aikin ga?"

Ta ce dariya ta kama ta har ta zauna a kan akwatin kayanta. Ba ta yarda na'urarta ce ta yi kuskure ba, shi ma bai yarda ba, har yau maganar tana nan a tsakaninsu. Amma da ya gaya mata abin da ya kawo shi, cewa an kulle gishiri kwana goma sha ɗaya saboda maganarta, sai dariyar ta ɗauke. Ta ce, "Laifin bakina ne. Na faɗi rabin magana na shiga mota."

Ranar Laraba da hantsi ta iso Ƙanƙara, ta ɗage tafiyarta Sabuwa. Ta shiga har tsakar gidan Hajiya Zulaihatu, ta durƙusa ta gaishe ta, ta nemi gafara. Sannan ta fito da abin awon jini ta ɗaura wa Mas'udu a gaban uwarsa. Jininsa lafiya lau. Ta ce, "Hajiya, kawo naki hannun mu gani." Na Hajiya ne ya hau. Nan take aka raba tukunya, gishiri ya koma miyar ɗa, ta uwa kuwa aka bar ta lami. Hajiya ta ce ita dai an zo har gida an yi mata fashi.

Likitar ba ta tsaya nan ba. Ta rubuta wa Mas'udu takarda ya je asibiti a ƙara bincikarsa, don ta ce wani lokaci yawan gishiri a gumi yakan zo da wata larura, kuma ba kowace riƙewar ƙafa ce daga gishiri ba. Aka duba, ba a sami komai ba, haka Allah ya yi jikinsa. Ta auna masa yadda zai haɗa ruwan gishiri da sukari, nawa kafin wasa, nawa a hutun rabin lokaci. Ta kuma ja kunnen sauran samarin cewa wannan nasa ne shi kaɗai, kada wani ya je ya ɗura wa kansa gishiri don ya ga Mas'udu na sha.

Saura koci. Ɗanliti ya ce shi bai ga abin da ruwan gishiri zai gyara a kwana takwas ba, kuma wasan ƙarshe ba wurin gwaji ba ne. Takardar sunaye tana hannunsa, biro a kunne. Baba Gide ya miƙa masa jesunan, wankakku, gogaggu, ya ce, "Ka bar sunanshi. In ya faɗi a Sabuwa, ka nemi wani mai wanki."

"Baba, wa zai karɓi wannan warin in ba kai ba?"

"To ka gani. Sai ka bar sunan."

Ya bari.

Ban je Sabuwa ba, ƙafata ba ta kai ni. Amma motoci uku suka tashi daga unguwarmu, Baba Gide a gaban ta farko da farar riga da ya goge wa kansa, kuma duk wanda ya dawo sai da ya ba ni nasa labarin. Da 'yan Ruwan Godiya aka kara. Tun kafin a fara suka kai ƙara wurin alƙalin wasa wai lamba takwas ya ɗaura laya a dantse, sai da likita ta nuna musu irinta a hannun nasu 'yan wasan biyu sannan aka busa usur. Aka tafi hutu ba ci. Aka dawo. Da awa ɗaya ta cika, sun ce duk 'yan Ƙanƙara suka bar kallon ƙwallo suka koma kallon ƙafar Mas'udu. Koci har ya tayar da wanda zai canje shi yana ɗumama jiki. Minti saba'in, Mas'udu yana gudu. Minti tamanin, yana gudu, mai ɗumama jiki ya gaji ya koma benci ya zauna. Saura minti shida a tashi ya ƙwace ƙwallo a tsakiyar fili, ya ja ta ya wuce mutum biyu, ya miƙa wa Adnan mai lamba tara, Adnan ya zura ta a raga. Da haka aka tashi. Mas'udu ya fita daga filin da ƙafafunsa, karo na farko cikin shekara uku da ya ga ƙarshen wasa a tsaye.

Samari suka ɗauki koci a kafaɗa, suka ɗauki Adnan, aka yi ta hotuna da kofi. Na duba hotunan nan ɗaya bayan ɗaya a wayar Mansura. Baba Gide bai fito a ko ɗaya ba. An ce yana bayan mota yana tattara riguna yana ƙirgawa, kada a bar wata a Sabuwa.

Shi ya sa na ɗauki biro. Bayan babbar salla Baba Gide ya ajiye wanki, yatsunsa sun daina damƙar dutsen guga, 'ya'yansa sun ce ya isa haka. Ba a yi taro ba, ba a ba shi takardar yabo ba. To ni ga tawa.

Baba Gide, kai ne ka ɗauki aikin da mutane ke miƙowa da hannun hagu suna kau da hanci, ka yi shi da ido buɗe. Kai ne aka yi wa dariya shekara da shekaru ba ka fasa dubawa ba. Da Hajiya ta ce ba ta yarda da kai ba, ba ka yi fushi ba, ba ka ce a zuba gishiri a ɓoye ba, ka ga tana da hujjarta, ka hau mota da tsufanka ka je ka ɗauko mata wadda za ta yarda da ita. Na'ura ta faɗi gaskiya, likita ta faɗi gaskiya, amma da ba ka tsaya a tsakani ba da gaskiyar nan ta kwantar da yaron mutane. Gide na bakin rijiya, mai hannu a ruwa ido a kan aiki. Mun gode. Mansura ta gode, Hajiya Zulaihatu ma ta ce in gaya maka ta gode, ko da yake har yanzu tana ƙorafin miyarta.

Ku kuma masu karatu, musamman 'ya'yanmu da ke zuwa ƙauyuka da na'urori da takardu, ku zo, muna maraba, abin da kuke kawowa yana da amfani. Amma ku faɗi magana har ƙarshenta kafin ku shiga mota, kuma ku tambaya ko akwai wanda ya riga ku lura da abin da kuka zo aunawa. Likita Khadijatu yanzu duk garin da ta sauka, kafin ta buɗe akwatinta sai ta ce a kai ta wurin mai wanke wa 'yan wasa kaya. Masu ƙananan sana'o'i kuma, kowa ya riƙe tasa da kyau, ya san ta ciki da waje yadda wannan dattijo ya san tasa.

Mas'udu yana nan a Guguwa, bana shi ne kyaftin. Allah ya ba Baba Gide lafiya da hutu mai daɗi, ya sa abin da ya yi wa ɗan mutane ya tarar da shi a mizani.